Madara da ɗaga ƙarfe: nawa za ka sha, kuma wace iri?

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wani matashi mai shekara 22. Tsayinsa mita 1.75, nauyinsa kilo 58. Wata huɗu ke nan yana ɗaga ƙarfe sau uku a mako a wani gidan motsa jiki na unguwarsu. Ƙarfi ya ƙaru, abin da yake ɗagawa da ƙyar a farko yanzu wasa ne, amma sikeli ya kafe wuri ɗaya kuma riga ba ta matse shi ba. Abincinsa koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake ko taliya da rana, tuwo da dare. Ya ga wasu Amurkawa a bidiyo suna cewa duk siririn da ke son jiki ya riƙa shan galan guda na madara kullum. Yana tambaya ko ya bi wannan shawara, kuma wace madara ce ta fi.

Ƙanena, ka sha madara. A irin halin da kake ciki tana cikin abubuwa mafi sauƙi da za ka ƙara a abincinka ka ga canji. Amma galan ɗin nan ka ajiye shi gefe. Rabin lita zuwa lita ɗaya a rana, a kan abincin da ka saba ci ba a madadinsa ba, ya ishe ka, kuma shi ma sai ka fara gwada cikinka tukuna. Bari mu bi lissafin tare, don ka san dalili, kada gobe wani bidiyon ya sake ɗauke maka hankali.

Tsoka tana buƙatar abu uku kafin ta ƙaru: a wahalar da ita da nauyi, a ba ta furotin da za ta yi gini da shi, sannan jiki ya samu rarar kuzari, wato ka ci fiye da abin da kake ƙonawa. Na farkon kana yi. Tunda ƙarfinka na ƙaruwa, atisayenka na aiki, domin a watannin farko yawancin ƙarfin da mutum ke samu daga jijiyoyi yake zuwa, suna koyon yadda za su tara tsokar da ke nan ta yi aiki tare. Sikelin da ya tsaya kuwa saƙonsa ɗaya ne: abin da ke shiga cikinka daidai yake da abin da kake kashewa. Babu rara, don haka babu abin gini.

A shekarar 2018 Robert Morton da Stuart Phillips na Jami'ar McMaster da ke Kanada, tare da abokan aikinsu, sun tattara bincike 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga nauyi. Abin da suka gano shi ne amfanin furotin yana ƙaruwa har zuwa kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, daga nan sai ya lafa, ko da yake wasu kan amfana har zuwa giram 2.2. Kai mai kilo 58, wannan ya kama daga giram 93 zuwa 128. Ka sa idonka a kan 100. Abincin da ka lissafa min, in na ƙiyasta shi da irin kwanon da saurayi ke ci, zai ba ka wajen giram 55 zuwa 65, kuma yawancinsa daga wake da ƙosai ne. Giɓin da ke tsakani giram 35 zuwa 45 ke nan. Ta ɓangaren kuzari, abin da ake so shi ne ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana a kan abin da ke riƙe nauyinka.

Yanzu dubi madara. Kofi ɗaya na madarar shanu da ba a cire mata mai ba, kimanin mililita 250, yana da kalori wajen 150, furotin giram 8, mai giram 8, da sukarin madara giram 12. Lita ɗaya ta zama kalori 600 da ɗoriya, furotin giram 32 zuwa 33. Ka ga kamar an auna ta da giɓinka. Kuma ga wani abu da sirara suka fi kowa saninsa: ba ƙin abinci kuke yi ba, cikin ne ke saurin cika. In na ce ka ƙara malmalar tuwo biyu da dare, kwana uku za ka yi ka gaji. Abin sha kuwa yana wucewa ba tare da ya toshe ciki kamar abin tauna ba. Wannan ita ce babbar fa'idar madara ga irinka, ta fi duk wani bayanin sinadari da zan yi maka.

Amma sinadarin ma yana da kyau. Furotin ɗin madara iri biyu ne. Kashi 80 cikin 100 kesin ne, shi ne wanda ke daskarewa ya zama cuku ko kindirmo. Sauran kashi 20 shi ne wei, wanda ke cikin ruwan nan mai ɗan rawaya da ke tsatsowa a saman nono idan ya kwana. Garin da ake sayarwa cikin manyan robobi da hoton ƙato a jiki, wanda samari ke tara kuɗi su saya, asalinsa wannan ruwan ne da ya rage a masana'antar cuku, aka tace aka busar. Wei yana saurin narkewa ya shiga jini, kuma yana da lusin da yawa, wanda shi ne amino asid ɗin (ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su) da ke tayar da aikin ginin tsoka. Kesin kuwa idan ya haɗu da tsamin ciki sai ya dunƙule, ya riƙa sakin kayansa a hankali cikin sa'o'i. Masu bincike a Faransa ne suka nuna wannan bambanci na sauri da jinkiri tun 1997. A kofi ɗaya kana samun duka biyun.

An gwada abin a kan mutane irinka. A 2007 aka buga wani bincike na Jami'ar McMaster da aka yi da samari 56 sabbin shiga ɗaga ƙarfe. Mako 12 suna atisaye kwana biyar a mako. An raba su uku: wasu na shan rabin lita na madarar da aka cire wa mai da zarar sun gama, su ƙara rabin lita bayan awa ɗaya, wasu na shan abin sha na waken suya mai furotin da kalori daidai da na madarar, na ukun kuma ruwan sukari mai kalori iri ɗaya. 'Yan madara sun ƙara kusan kilo 3.9 na jikin da ba kitse ba, 'yan waken suya 2.8, 'yan sukari 2.4. A 2010 an maimaita irinsa da 'yan mata, sakamakon ya bi hanya ɗaya. Ka lura da abu biyu a nan. Lita ɗaya suka sha, ba galan ba. Sannan waɗanda ba su ga madara ko ɗigo ba su ma sun ƙara fiye da kilo biyu, saboda ƙarfen da suke ɗagawa da abincin da suke ci. Madara ƙari ta yi a kan aikin da ake yi.

In kana son shaida ta kusa, dubi Bafulatanin da ke kiwo. Ba wanda ya kai shi shan madara a ƙasar nan, ga ta nan sabuwar tatsa safe da yamma. Amma ka gan shi siriri kamar sandarsa, ga juriya kamar me. Yini yake yana tafiya bayan shanu, yana ƙone duk abin da ya sha, kuma ba ya yi wa tsokarsa irin lodin da zai sa ta kumbura. Madara ba ta san hanyar damtse da kanta ba. Wanda ya sha ta bai ɗaga komai ba, in ta yi rara, tumbi za ta tafi.

Zancen galan kuwa yana da tarihi. Tun shekarun 1930 masu ɗaga ƙarfe a Amurka suke haɗa tsugunno da ƙarfe a kafaɗa da shan madara mai yawa, a zamanin da babu garin furotin a kasuwa. A wannan ƙarnin wani mai horarwa a jihar Texas, Mark Rippetoe, ya sake yayata shi ga samari ramammu masu fara ɗaga nauyi. Galan na Amurka lita 3.8 ne, kusan kofi 16. A cikinsa akwai kalori kusan 2,400, furotin giram 128, mai giram 128, da sukarin madara wajen giram 190. Wato abincin yini guda cur na mutum, a ɗora a kan abincinsa na yini. Tabbas sikeli zai motsa. Sai dai tsoka tana da iyakar saurin da take ginuwa da shi, ko me ka zuba mata. Sabon shiga da ya dace da komai, in ya samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata ya yi ƙoƙari. Rarar kalori 2,000 a kullum kuwa sai ta nemi wurin zama, kuma wurin zamanta kitse ne. Na ga samarin da suka bi irin wannan hanya, bayan wata biyu kumatu sun fito, ciki ya turo riga, damtse kuwa kaɗan ya ƙaru a kan na abokansu da suka bi a sannu. Daga nan sai su shiga wata wahalar ta rage teɓa.

Akwai kuma man. Fiye da rabin man madara irin mai daskarewa ne, wanda ke ɗaga kolestarol a jini. Galan ɗaya na ɗauke da fiye da giram 70 nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci, wanda ga mai cin kalori 3,000 bai fi giram 33 ba. Kalsiyam ɗin galan ya haura miligiram 4,000, alhali iyakar da masana suka gindaya wa baligi 2,500 ce. Sannan ka tuna inda shawarar ta fito: ƙasar da ake sayar da madarar ruwa cikin jarkar galan da araha, firji ba ya mutuwa, kuma yawancin masu ba da shawarar jikokin mutanen arewacin Turai ne da cikinsu ya gaji narkar da madara. Kai in da madarar gari za ka haɗa galan, kusan rabin kilo kake buƙata kullum, fiye da gwangwanin giram 400. Kuɗin nan in ka raba shi tsakanin ƙwai, wake, gyaɗa da kifi, sai ya yi maka aikin da ya ninka.

Maganar ciki ita ce nake so ka fi riƙewa, domin a nan ne shawarar waje ta fi cutar da mutanenmu. Sukarin madara, laktos, ba ya shiga jini sai wani sinadari da ke cikin ƙaramin hanji, laktes, ya raba shi biyu. Kowane jariri yana da laktes isasshe, da shi yake narkar da nonon uwa. Bayan yaye sai ya fara raguwa a jikin yawancin 'yan Adam. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. Ba cuta ba ce, ita ce halittar asali. Waɗanda laktes ɗinsu ke ɗorewa har girma su ne zuriyar al'ummomin da suka daɗe suna kiwo da shan madara: mutanen arewacin Turai, wasu Larabawa, makiyayan gabashin Afirka, da Fulani da Buzaye a yankinmu. Wani likita Ba'amurke, Norman Kretchmer, ya yi gwaji a Nijeriya aka buga a 1971. Ya samu cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos lafiya, mafi yawan Hausawa ba sa narkar da shi sosai, Yarbawa kuwa kusan dukkansu. Da yake auratayya ta cakuɗa mu, ba za ka gane naka ta hanyar duba sunan kakanka ba. Sai ka gwada.

Laktos ɗin da bai narke ba yana gangarawa babban hanji. A can ƙwayoyin halittar da ke zaune ciki su far masa, su fitar da iska, shi kuma ya jawo ruwa. Sakamakon ka san shi: ƙugin ciki, kumburi, yawan hutu, murɗa, wani lokaci gudawa, daga rabin awa zuwa 'yan sa'o'i bayan sha. Mai gudawa kullum ba ya ƙara nauyi, kuma ba ya iya tsugunno da kilo 60 a kafaɗa cikin natsuwa.

Abin daɗi shi ne, ko waɗanda laktes ɗinsu ya yi ƙasa yawanci suna ɗaukar giram 12 na laktos a zama ɗaya ba tare da damuwa ba, wato kofi ɗaya, musamman in da abinci aka sha. Don haka ka fara da kofi ɗaya bayan karin safe har kwana uku ko huɗu. In shiru, ƙara na biyu bayan atisaye ko da yamma. Bayan mako ka kai uku. Kada ka kwankwaɗi rabin lita a tashi ɗaya da cikin da babu komai sannan ka yanke hukunci cewa madara ba ta karɓe ka ba. Mutane da yawa in suka bi a hankali cikinsu na sabawa, domin ƙwayoyin hanjin suna daidaita kansu da abin da ake yawan aika musu.

In kuma ka gwada ka ga ba ta yi, ba ka yi asara ba, domin iyayenmu sun riga sun warware matsalar tun kafin a san sunan laktos. Bahaushe bai saba shan ɗanyar madara da yawa ba. Nono yake sha. Idan madara ta kwana ta yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da ita sun riga sun cinye wani kaso na laktos ɗin, kuma suna shiga cikinka ɗauke da nasu laktes ɗin su ci gaba da taya ka aiki. Shi ya sa mutumin da kofin madara ke hana shi sakat zai sha kwanon kindirmo ya kwana lafiya. Furotin ɗin yana nan yadda yake, tsami bai taɓa shi ba. Cuku irin na Nijar ya ma fi sauƙi, tunda yawancin laktos ya bi ruwan da aka tsane, ga furotin a dunƙule.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu, wace madara. Kindirmo na gari, mai kauri wanda ba a kaɗe shi ba, shi ne zaɓina na farko gare ka. Yana da mansa cikakke, kuma madarar shanunmu, Bunaji da Rahaji da Gudali, duk da ba ta da yawa, ta fi ta shanun Turai maiƙo. Tsala, wanda aka kaɗe aka kwashe man shanu, kalorinsa ya ragu amma furotin ɗinsa na nan, muddin ba a tsinka shi da ruwa ba. Matsalar ke nan, musamman da rani lokacin da shanu ba su da nono: ana ƙara ruwa, wasu su sa garin ƙwame ko wani gari don ya yi kauri. Ba zan zargi mai tallan da ta yi tafiyar kilomitoci da ƙwarya a ka ba, amma kai mai lissafin furotin dole ka san abin da kake saya. Ka nemi mace ɗaya da ka yarda da nononta ka zama mai saye na kullum, ka biya kuɗin mai kyau.

Idan sabuwar tatsa ka samu, ka tafasa ta. A kan wannan ba na sassauci. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda a jikin mutum take zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin maleriya a banza. Tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu ma. Masu cewa tafasawa na kashe amfanin madara ba su da hujja a kan abin da kake nema: furotin da kalori da kalsiyam duk suna nan bayan ta tafasa. Kindirmon ma ya fi aminci in daga dafaffiyar madara aka yi shi, kuma za ka iya yi da kanka. Tafasa, bar ta ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, zuba cokali biyu na kindirmon jiya, rufe ka ajiye a wuri mai ɗumi zuwa safe. Da madarar gari ma yana yiwuwa.

Madarar gari ita ce mafi sauƙin samu a birni, ba ta kuma buƙatar firji. Cikakkiya, wadda ba a taɓa manta ba, tana da furotin giram 24 zuwa 26 a cikin kowane giram 100, da kalori kusan 500. Giram 125 zuwa 130 ke ba da lita ɗaya. Amma ka juya bayan leda ko gwangwani ka karanta. Da yawa daga cikin masu araha an cire man madarar an maye gurbinsa da man itatuwa, galibi na kwakwar manja, kuma furotin ɗin wasunsu bai kai na cikakkiya ba. Ba guba ba ce, za ka iya sha, sai dai ka san nawa kake samu. Wadda zan hana ka ita ce farar hodar nan ta sa wa shayi da ake aunawa a kasuwa da sunan madara, alhali sitaci ne da mai da sukari, furotin ɗinta bai taka kara ya karya ba. Duba layin furotin: in ya gaza giram 20 a cikin 100, ka nemi wata. Ka kuma daina ruɗin kanka da ƙaramar ledar da mai shayi ke yagawa. Giram 12 zuwa 14 ce, furotin ɗinta wajen giram 3. Sai ka haɗa kusan goma kafin ka yi lita. Madarar ruwa ta ƙaramin gwangwani tana ba da furotin kimanin giram 10. Mai kaurin nan mai zaƙi kuwa fiye da rabinta sukari ne, ka bar ta wa masu burodi.

Da za ka tambaye ni abu guda da za ka ƙara a yininka, fura da nono zan ce. Ba don kishin gida nake faɗa ba. Gero da dawa da masara da shinkafa duk suna da furotin, gero ma wajen giram 11 a cikin 100, amma furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani amino asid mai suna laisin, kuma rashinsa na rage amfanin sauran. Madara kuwa tana da laisin har da rara. In suka haɗu a ƙwarya ɗaya, nonon ya cike wa geron giɓinsa, geron ya kawo sitacin da zai mayar wa tsoka kuzarin da ta ƙone a atisaye. Rabin lita na kindirmo da curin fura biyu ko uku zai ba ka kalori 600 ko fiye, da furotin sama da giram 20. Abin da kamfanoni ke haɗawa su sa a roba su kira shi garin ƙara nauyi, sitaci ne da furotin ɗin madara da ɗanɗano. Ga naka nan sabo a bakin kasuwa. Ka dai rage sukarin da ake zubawa. In kana son zaƙi da ƙarin kalori, jefa dabino uku ko ayaba, ko ka dama cokali guda na tunkuzar gyaɗa da ba a matse ba.

Lokacin sha bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Jimillar abin da ka ci a yini ita ce kan gaba. In ka samu hali, kofi ɗaya da safe, fura da nono bayan atisaye, kofi ɗaya kafin barci. Na daren yana da ɗan dalili: masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun nuna a 2012 cewa kesin da aka sha kafin kwanciya yana narkewa cikin dare kuma ginin tsoka na ci gaba da shi. Kada dai ka sha daf da cin abinci har ta kashe maka yunwa, domin in madara ta kori tuwo, an koma gidan jiya. Kada kuma ka cika ciki da ita minti kaɗan kafin ɗaga ƙarfe. Da azumi, kindirmo a sahur yana riƙe ciki, madara da dabino bayan buɗa baki kuma suna mayar da ruwa da kuzari tare.

Madara ba ta da sinadarin ƙarfe na kirki wanda jini ke buƙata, ba ta da harza da ke sa bayan gida ya yi sauƙi, bitamin C ɗinta kaɗan ne. Don haka sauran giɓin ka cike shi da abin tauna. Ƙwai ɗaya giram 6 ne na furotin. Gyaɗa giram 25 a cikin 100, da kalori fiye da 550, cikin tafin hannu biyu a aljihu ya yi maka aikin kofin madara. Ga ƙuli-ƙuli, awara, ɗanwake, alale, busasshen kifi a miya, tsire ko kilishi ranar da aljihu ya yarda, ga zogale da sauran ganye. Wanda madara ta ƙi shi sam zai gina jikinsa da waɗannan, ba abin da zai rasa.

Akwai waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce. Wanda in ya sha madara jikinsa ke yin borin jini, leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, wannan ba matsalar laktos ba ce, jikinsa ne ke faɗa da furotin ɗin, kuma kindirmo ma ba zai yi masa ba. Ya nisance ta ya ga likita. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa. Mai ciwon sukari, ko wanda ciwon zuciya ya yi yawa a danginsa, ya nemi shawara kan adadi, kuma mara mai ta fi masa. Wasu samarin ƙurajen fuska na ƙaruwa musu in suka yawaita madara. In ka ga haka, rage ka gani. In kana shan maganin ƙwayoyin cuta irin tetrasaikilin ko sifro, kalsiyam na riƙe maganin ya hana shi shiga jini, sai ka ba da tazarar aƙalla awa biyu, ka kuma tambayi wanda ya ba ka maganin.

Tunda maganar ƙara jiki muke, dole in ja maka kunne kan abin da na san za a kawo maka, in ma ba a riga an kawo ba: ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Yawancinsu deksametason ne ko danginsa. Suna buɗe ciki, su tara ruwa da kitse a fuska da wuya da tumbi, mutum ya ga ya cika ya yi murna. Amma irin wannan magani cinye tsoka yake yi, cinyoyi da damatsa su sirance, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su biyo baya, kuma daina shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da haɗari. Raina na ɓaci duk lokacin da na ga yaro mai ƙuruciya da lafiya ya faɗa wannan rami saboda gorin abokai. Rama irin taka ba ciwo ba ce.

Ga yadda za ka san ko abin na aiki. Ka hau sikeli ɗaya, da safe bayan ka zaga kafin ka ci komai, sau biyu ko uku a mako, ka rubuta. Abin da muke nema ƙarin giram 150 zuwa 300 a mako, wato kusan kilo ɗaya a wata. Ka samu tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya, da damtse da cinya, sau ɗaya a wata. In mako uku suka wuce sikeli bai motsa ba, ƙara kofi ɗaya ko tafin gyaɗa. In ƙugu na gudu ya bar damtse a baya, rage kofi ɗaya. A wurin atisaye ka ba manyan motsi muhimmanci, tsugunno, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, turawa daga ƙirji da sama da kai, da jan jiki a sanda, kana ƙara nauyi ko yawan ɗagawa kaɗan-kaɗan, ka kuma samu barcin awa bakwai zuwa tara. In ka yi wata biyu kana ci da sha yadda muka tsara amma nauyi bai ƙaru ba, ko ma raguwa yake, musamman in akwai tari, zazzaɓin dare, yawan fitsari da ƙishirwa, ko bugun zuciya da rawar hannu, to ka je asibiti a duba ka, a fara da gwajin bayan gida don tsutsar ciki da gwajin jini.